Yadda Ake Ware Mutum Ko Kaya Daga Bangon Hoto a Photoshop Ba Tare da An Goge Komai Ba

Yawancin ayyukan da ake kawo wa mai gyaran hoto a kwamfuta abu ɗaya suke nema: a raba abin da ake so da abin da ke bayansa. Mai katin ɗaurin aure yana so a ɗauke ango daga ƙofar gidansu a ɗora shi a kan zane mai ruwan zinare. Mai sayar da turare tana so kwalabenta su fito a kan farin bango tas kafin ta sa su a Instagram. Wani kuma sama ce ta yi fari fat a hotonsa, yana so a gyara ta ba tare da an taɓa fuskarsa ba. Duk aiki guda ne, mai matakai biyu. Da farko ka nuna wa kwamfuta iyakar abin da kake nufi, wannan shi ne zaɓi. Sannan ka rufe ragowar da marufi, abin da za ka ga an rubuta masa Layer Mask a cikin Photoshop.

Kusan kowane mai koyo da magogi yake farawa, domin shi ne ya fi sauƙin ganewa: ka goga, bango ya ɓace. To amma abin da magogi ya ci ya tafi ke nan. Da zarar ka rufe fayil ka sake buɗewa, gefen kunnen da ka yanke bisa kuskure ba zai dawo ba. Tela mai hankali in zai rage tsawon wando yakan kalmashe ƙafar ya ɗinke ta ciki, saboda gobe mai wando zai iya cewa a sake masa. Marufi haka yake aiki. Yana ɓoye abin da ba ka so, amma kowane ɗigon hoton yana nan a ƙarƙashi, kuma ko bayan wata guda kana iya dawo da shi. Saboda haka a duk bayanin nan ba za mu taɓa magogi ba ko sau ɗaya, kuma ina roƙonka kai ma ka bar shi a inda yake.

Madannan da zan ambata na Windows ne. Mai amfani da Mac ya sa Command a wurin Ctrl, Option a wurin Alt.

Kafin ka zaɓi komai

Fara da neman asalin hoton. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, gefunansa sun dagule, kuma babu gwanintar da za ta fitar da gashi mai kyau daga cikinsa. Ka ce wa mai aikin ya sake turowa a matsayin fayil, ko ya kawo a filas.

Buɗe hoton, ka danna F7 domin allon leyoyi ya bayyana. Tun 1994, a fitowar Photoshop ta uku, aka kawo tsarin leya, wato hotuna masu hawa-hawa da ake ɗora wani a kan wani, kuma duk aikinmu a kansa ya dogara. Danna Ctrl+J ka sami kwafin hoton a sabuwar leya, sannan ka kashe ɗan idon da ke gefen leyar ƙasa. Ita ce ajiyarka.

Akwai abin da mutane da yawa suke tsallakewa, alhali shi ke tona kuskure tun da wuri. Shiga Layer, sai New Fill Layer, sai Solid Color, ka zaɓi launi mai ƙarfi wanda babu shi a hoton, kamar kore shar ko ja wur, ka ja wannan leyar zuwa ƙarƙashin kwafin naka. Bangon nan mai murabba'ai fari da toka wanda Photoshop yake nunawa a inda babu komai yana ɓoye ƙazanta sosai. Launi mai ƙarfi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Yanzu danna Ctrl+1 ka ga hoton a ainihin girmansa, ka riƙe dogon madannin tazara kana jan hoton, ka zagaya gefen abin da za ka ware da ido. Tambayar ita ce: wane irin gefe ne? Amsar ita ke zaɓar maka kayan aiki.

Kowane gefe da kayan aikinsa

Abu mai kusurwa huɗu ko zagayayye, kamar allon talla ko faranti, Marquee ya ishe shi, madanninsa M. In ka riƙe Shift kana ja, zai ba ka murabba'i daidai ko da'ira cikakkiya.

Bango mai launi ɗaya, irin zanen da masu situdiyo suke ratayawa, aikin Magic Wand ne. Ka latsa wuri ɗaya, ya kwashe duk launin da ya yi kama da shi. A saman allo akwai akwatin Tolerance, wanda yake zuwa da 32, kuma yana iya kaiwa daga 0 zuwa 255. In sandar tana cin rigar mutum, rage lambar zuwa 15 ko 20. In tana barin tabo a bango, ƙara ta. Kusa da shi akwai Contiguous: yana kunne, launin da ke manne da inda ka latsa kawai za a ɗauka, yana kashe, za a ɗauki launin a duk inda yake cikin hoton. Ka tuna da wannan, za mu buƙace shi wajen leshi.

Mutum ko dabba ko kayan da suka bambanta da bangonsu, Quick Selection ko Object Selection. Na farko ya zo a 2007, kana shafa shi ne kamar burushi yana neman gefe da kansa. Na biyun ya zo a ƙarshen 2019, kana zana akwati a kewayen abu, shi kuma ya gano abin. Su biyun da Magic Wand duk suna ƙarƙashin madannin W, Shift+W ke juyawa tsakaninsu. Akwai kuma Select Subject da aka ƙaro a farkon 2018, latsawa ɗaya ya zaɓi mutumin da ke cikin hoton.

Abu mai santsi da gefe mai kaifi, irin kwalba, mota, takalmi, waya, nasa alƙalami ne, wato Pen Tool. Gashi da gemu da gyale kuma suna da nasu sha'anin, za mu zo kansu.

In ban da alƙalami, ko da wanne kake aiki, madannai huɗu ba sa canzawa. Riƙe Shift ka ƙara a kan zaɓinka. Riƙe Alt ka rage. Ctrl+D ya soke zaɓin gaba ɗaya. Ctrl+Shift+I ya juya shi, abin da ke waje ya koma ciki. Na ƙarshen nan yana da amfani ƙwarai: sau da yawa zaɓar bango ya fi zaɓar mutum sauƙi, sai ka zaɓi bangon ka juya.

Aikin farko: mutum cikin babbar riga da hula

Mu ɗauka hoton ango ne, shadda ruwan toka, hula zanna, yana tsaye gaban katanga.

Latsa leyar kwafin, ka shiga Select ka danna Subject. In naka Photoshop ɗin tsoho ne ba shi da wannan, ɗauki Quick Selection ka shafa daga hula zuwa ƙasa, da burushi madaidaici. Madannan [ da ] suna rage girmansa da ƙarawa. Za ka ga layin ɗigo-ɗigo mai motsi ya kewaye shi.

Kada ka yarda da abin da ka gani daga nesa. Zuƙo hoton, ka bi layin. Wuraren da kwamfuta ta saba ɓata su sanannu ne: ɗan sararin da ke tsakanin hannu da jiki, tsakanin ƙafafu, saman hula in launinta ya yi kusa da na katanga, gefen tabarau, da inda hannun babbar riga ya faɗo ya yi inuwa. Riƙe Alt ka cire bangon da ya shigo, riƙe Shift ka dawo da abin da aka bari. Amma kada ka ɓata lokaci kana neman kamala a nan. Zaɓi tsarin farko ne kawai, gyaran gaske a cikin marufi ake yin sa.

Yanzu duba ƙasan allon leyoyi, akwai alamar murabba'i mai da'ira a tsakiya. Latsa ta. Nan take bango zai ɓace, launin da ka shimfiɗa a ƙasa ya bayyana, kuma wani ƙaramin akwati baƙi da fari ya fito a gefen hoton leyar. Shi ne marufin. In ango ne ya ɓace bango ya zauna, ba wata matsala, latsa akwatin ka danna Ctrl+I, ya juye.

Yadda marufi yake tunani

Marufi hoto ne da ba shi da launi sai fari, baƙi da abin da ke tsakaninsu. Inda yake fari, leyar tana bayyana. Inda yake baƙi, tana ɓuya. Inda yake toka, tana bayyana rabi-rabi, gwargwadon hasken tokar. Matakan 256 ne daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci duk abin da ya rage, domin kowane kayan aiki da za mu taɓa daga nan hanya ce kawai ta shafa fari ko baƙi ko toka a wannan akwatin.

Latsa akwatin marufin ka tabbata shi ne aka yi wa ɗan zagaye a kusurwoyi, ba hoton ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kama masu koyo: mutum ya ɗauki baƙin burushi zai ɓoye bango, sai ya ga yana shafa wa rigar ango baƙin fenti. Da ka ga haka, Ctrl+Z, ka koma ka latsa marufin.

Danna B ka ɗauki burushi. Danna D launuka su koma baƙi da fari. Madannin X yana musanya su, don haka ɗan yatsanka na hagu ya zauna a kansa: baƙi ka ɓoye, X, fari ka dawo. Duba saman allo ka ga Opacity da Flow duk suna kan 100, in ba haka ba za ka riƙa barin hazo-hazon bango wanda ido ba ya gani sai an buga katin.

Taurin bakin burushi shi ne abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki. Latsa dama a kan hoton za ka ga Hardness. Ga gefen tufafi, 80 zuwa 90 ya fi dacewa. In ka sa 100, gefen zai yi kaifi fiye da yadda kyamara take ɗauka, a ga alamar yanka ƙarara. In ka sa 0, kafaɗar mutum za ta narke cikin bango. Dubi yadda gefen yake a asalin hoton ka kwaikwaye shi: inda kyamara ta kama da kyau yana da kaifi, inda ya ɗan fita daga saiti yana da laushi, kuma hoto ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun.

Ga dabarar da ke rage wahalar hannu. Maimakon ka ja linzami a gefen riga hannunka yana rawa, latsa wuri ɗaya, ka matsa gaba kaɗan, ka riƙe Shift ka sake latsawa. Photoshop zai haɗa wuraren biyu da miƙaƙƙen layi. Da gajerun layuka irin waɗannan za ka bi har lanƙwasa, kuma ya fita sumul.

In kana jin ka gama, riƙe Alt ka latsa akwatin marufin. Allon zai nuna maka shi tsirararsa, baƙi da fari. A nan za ka ga ɗigon toka da aka bari a bango, da ramukan da ke cikin riga inda Quick Selection ya yi tsalle. Cike su, sannan ka sake Alt da latsawa ka koma. Shift da latsawa kuma yana kashe marufin na ɗan lokaci, ka leƙa asalin hoton ka ga ko ka yanke wani abu da bai kamata ba. Ni ba na miƙa aiki sai na yi waɗannan biyun.

Gashi, gemu da zaren da ya tashi

Burushi ba zai iya bin gashi sili-sili ba. Domin wannan aka yi ɗakin aiki na musamman, Select and Mask, wanda ya zo a 2016. Latsa marufin ka danna Ctrl+Alt+R. Masu tsohon Photoshop irin CS6 da makamantansa za su ga ƙaramar taga ta gyaran gefe a maimakonsa, da madannan nan guda, kuma ma'aunan kusan iri ɗaya ne.

A dama ta sama akwai View. Zaɓi On Black in bangon asali fari ne, On White in mai duhu ne, domin ragowarsa ta fito fili. A hagu ka ɗauki burushi na biyu, Refine Edge, madanninsa R. Sa girmansa ya ɗan fi kaurin wurin da gashi ya cuɗe da bango, ka shafa a bakin gashin kawai, kana farawa daga ɓangaren bango. Kwamfuta za ta duba launukan da ke ƙarƙashin burushin ta raba sili da katanga, ta ba kowane ɗigo tokar da ta dace da shi.

Wannan burushin na gashi ne, ba na komai da komai ba. In ka bi da shi ta kafaɗa ko gefen hula, zai mayar da gefe mai kyau ya zama huji-huji. In kuma ka kutsa da shi tsakiyar gemu, sai gemun ya yi shara-shara ana hango bango ta cikinsa. Inda hakan ta faru, riƙe Alt ka sake shafawa ya warware.

Ma'aunan da ke dama a yi musu a hankali. Radius yana faɗaɗa yankin da ake bincike a duk kewayen, fiksel (wato ɗigon hoto) 1 zuwa 3 ya isa ga yawancin hotuna. Smooth yana goge karkace, amma in ya yi yawa sai ya cinye kusurwoyi. Feather yana tausasa gefe, rabin fiksel zuwa ɗaya. Contrast yana mayar da kaifi. Shift Edge yana tura gefen ciki ko waje, kuma ja shi baya zuwa kamar -10 ko -20 yakan kashe siririn zirin bango da ke bin jikin mutum. Lambobin nan mafari ne, hoto mai girma yana ɗaukar fiye da haka, ƙarami kuma ƙasa da haka.

A can ƙasa akwai Decontaminate Colors, mai sauya launin bango da ya maƙale a gashi. Yana taimakawa, amma yana taɓa ainihin launin hoton, shi ya sa Photoshop yake tilasta fitar da sakamakon a sabuwar leya. Gwada ka gani. In ya dame gashin ya zama kamar fenti, kashe shi. A akwatin Output To ka zaɓi Layer Mask, ko New Layer with Layer Mask in ka bar Decontaminate Colors a kunne, ka danna OK.

Gashin da aka yi wa kitso ko aski ƙasa-ƙasa ba ya ba da wahala, gefensa a tsare yake. Mai wahala shi ne baƙin gashi a gaban bango mai duhu, inda ko idonka bai ga iyaka ba. A irin wannan kada ka yi ta faɗa da kwamfuta. Yanke kan da gefe mai tsabta, sannan ka koma marufi da farin burushi ƙarami, fiksel 1 ko 2, ka ɗan jawo silin gashi nan da can da hannunka. Kaɗan ya wadatar.

Zirin haske da launin da ya fantsamo

Bayan duk wannan, wataƙila ka ga siririn farin layi yana bin gefen riga. Latsa marufin, shiga Filter, sai Other, sai Minimum, ka sa fiksel 1. Wannan yana faɗaɗa baƙi ya ci fari kaɗan, gefen ya matsa ciki. In ba ka so ya taɓa gashi, fara kewaye jikin kawai da Lasso, madanninsa L, sannan ka yi.

Wani lokaci kuma ba ziri ba ne, hasken bango ne ya sauka a kan mutum, kamar wanda aka ɗauka kusa da koren labule kafaɗarsa ta yi kore-kore. Buɗe sabuwar leya a samansa, danna Ctrl+Alt+G ta maƙale da shi yadda fenti ba zai fita wajen jikinsa ba, ka sauya yanayin haɗin leyar daga Normal zuwa Color. Da burushi a hannunka, riƙe Alt ka ɗebo launin rigar daga wuri mai tsabta, ka shafa a kan koren. Launin zai gyaru, saƙar yadin kuwa tana nan yadda take.

Gyale da leshi

A nan ne tokar marufi take nuna amfaninta. Gyale mai shara-shara ba a buɗe yake ba, ba kuma a rufe ba, ana ganin bango ta cikinsa. In ka bar shi fari a marufi, tsohon bango zai zauna a cikinsa. In ka yi masa baƙi, gyalen ya tafi. Don haka ka bar shi duka a cikin zaɓi tukuna, sannan ka ɗauki baƙin burushi mai laushi, ka danna 3 ƙarfinsa ya koma kashi 30, ka shafa sau ɗaya ko biyu a inda babu jiki a bayan gyalen. Sabon bango zai fara lekowa. Bakin gyalen da inda ya ninku ka bar su da ƙarfinsu, domin a zahiri ma nan ne ya fi kauri. In launin tsohon bango ya rage a ciki, dabarar leyar Color da na faɗa a sama ita ce maganinsa.

Leshi mai huji ɗari ba a binsa ɗaya-ɗaya. Kewaye yankin da hujin yake da Lasso, ka shiga Select sai Color Range, ka latsa launin bangon da ke lekowa ta huji guda, ka ja Fuzziness har hujojin su yi fari a ɗan hoton gwaji ba tare da zaren ya bi su ba. Danna OK, latsa marufin, ka cike zaɓin da baƙi ta Edit sai Fill. Magic Wand da aka kashe wa Contiguous ma yana yin kusan haka.

Alƙalami, ga kwalba da makamantanta

Masu koyo suna gudun Pen Tool, kuma na san dalili, ranar farko layin ba ya zuwa inda kake so. Amma ga kayan sayarwa babu abin da ya kai shi tsabta, kuma ba ruwansa da ko launin kwalba ya saje da na tebur. Lanƙwasar da yake yi ta samo suna daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. An yi ta ne domin abu mai santsi tun asali.

Danna P, ka tabbata a sama ta hagu an zaɓi Path. Zuƙo hoton zuwa kashi 200 ko 300. Latsawa kawai tana ajiye ɗigon kusurwa. Latsawa da ja tana fitar da hannaye biyu daga ɗigon, su ne ke lanƙwasa layi, kuma kana jan su ne zuwa inda kake dosa. Ajiye ɗigo a inda lanƙwasa ta fara da inda ta ƙare, ba a kowane taku ba. Yawan ɗigo shi ke sa gefe ya yi gargada. In ka zo inda lanƙwasa ta haɗu da kusurwa, kamar wuyan kwalba da murfinta, riƙe Alt ka latsa ɗigon ƙarshe, hannun gaba ya ɓace, ka ci gaba da miƙaƙƙen layi. In ɗigo ya sauka ba daidai ba, riƙe Ctrl ka ja shi. Bi ta cikin gefen da kamar fiksel ɗaya, kada ka bi ta wajensa, ta haka ba za ka kwaso bango ba.

Da ka dawo ɗigon farko ka latsa shi, layin ya rufe. Ctrl+Enter zai mayar da shi zaɓi. Shift+F6, ka sa 0.5, domin gefen ya ɗan yi laushin hoto. Sai ka latsa alamar marufi kamar dā.

Ɗora shi a sabon bango

Sa sabon bangon a ƙarƙashin leyar, ka kashe launin gwajin. Sake zagaya gefen, domin abin da bai fito a kan kore ba yana iya fitowa a kan ruwan zinare, kuma tunda marufi ne, gyaran na daƙiƙa kaɗan ne. Duba ta ina haske yake zuwa a jikin mutumin da kuma a bangon. In sun saɓa, juya bangon ta Edit, Transform, Flip Horizontal, matuƙar babu rubutu a jikinsa. Abin da ke tsaye a ƙasa kuma yana buƙatar inuwa, in ba haka ba sai ya zama kamar yana shawagi. Sabuwar leya a ƙarƙashinsa, baƙin burushi mai laushi a kashi 20, ka ɗan shafa daidai inda takalmi ko gindin kwalba ya taɓa ƙasa.

Gargaɗi ɗaya ga masu hoton fasfo: hukumomin wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, ba sa karɓar hoton da aka sauya a kwamfuta. In na biza ne ko fasfo, a sake ɗauka gaban farin bango ya fi.

In ba ka da Photoshop

Tun 2013 Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, ya koma karɓar kuɗin wata-wata, kuma ba kowane mai koyo ne zai iya ba. Photopea yana buɗewa a cikin burauza kyauta, fasalinsa da yawancin madannansa irin na Photoshop ne, yana kuma buɗe fayil ɗin PSD, wato na Photoshop. GIMP ma kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki ba intanet. A can Fuzzy Select ne a madadin Magic Wand, Paths a madadin alƙalami, kuma Ctrl ake riƙewa a rage zaɓi, ba Alt ba. Ana sa marufi ta Layer, Mask, Add Layer Mask, a zaɓi Selection. Dokar fari da baƙi da toka ba ta canzawa a ko'ina.

Ajiya

Ajiye aikin sau biyu. Na farko PSD, ko XCF in GIMP ne, wanda ke riƙe leyoyi da marufi yadda ka bar su, domin ranar da mai aiki zai dawo ya ce a canza bango. Na biyu shi ne wanda za ka miƙa. In an riga an ɗora bango, JPEG ya yi. In kuwa ana son mutumin ko kwalbar ba bango, sai PNG, domin JPEG ba ya iya riƙe wurin da babu komai, cike shi yake yi da launi, galibi fari. Kafin ka fitar da PNG ɗin ka tabbata ka kashe idon leyar gwaji da ta ajiyar da ke ƙasa. Wajen turawa ta WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, bangon da ka cire ya dawo fari ko baƙi.